Sirki ko Haɗi: Wace Kalma Za a Faɗa wa Mata Ranar Awo?

Ɗiyar ƙanwata ce ta jawo wannan magana. Tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti da ke bayan gari a nan Garwa, a arewacin Kamaru, kuma ita aka ɗora wa yi wa mata bayani ranar awon yara, don ita kaɗai ce cikin ma'aikatan take jin Hausa da Fulatanci duka. Ran nan bayan la'asar ta shigo gida da wata takarda a naɗe, ta warware ta a kan tabarma, ta danne gefe ɗaya da buta. Hoton kwano ne, kewaye da kifi da ƙwai da ganye, a samansa an rubuta da Faransanci: alimentation variée et équilibrée.

"Kawu, kalma ɗaya nake so," in ji ta. "Wadda in na faɗa, matar da ta taso daga ƙauye da goyo za ta koma da ita gida. Na gaji da dogon bayani. Kafin in kai ƙarshe rabinsu sun saɓa yara sun fice."

Na ce mata wannan ai ba abin damuwa ba ne, ta dawo gobe. Sati biyu cur na yi ina juya maganar, ina tambayar duk wanda tsautsayi ya haɗa ni da shi, daga mai shayin bakin layinmu har tsohuwar da ke sayar da daddawa a babbar kasuwa.

Abin da takardar ke nufi dai a fili yake. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun kasa abincin yaro mai wata 6 zuwa wata 23 gida 8. Akwai nonon uwa. Akwai hatsi da su rogo da dankali. Akwai wake da gyaɗa da danginsu, akwai madara da nonon shanu, akwai nama da kifi, ƙwai kuma gidansa daban. Sai ganye da 'ya'yan itace masu bitamin A, irin su zogale da mangwaro da gwanda da kabewa, sannan sauran kayan lambu da na marmari. Ana so a wuni guda yaro ya taɓa gida 5 aƙalla. A da ma'aunin 4 ne cikin 7, daga baya aka shigar da nonon uwa cikin lissafi. Wato abu biyu ake nema a tare: kada abincin ya zama abu ɗaya kullum, kuma kada wani ya danne wani a cikin kwano. Bafaranshe ya yi amfani da kalma biyu. Ita kuwa ta kafe sai ɗaya.

Wadda ta fara zuwa bakina, kuma ita za ta fara zuwa bakin kowa, ita ce iri-iri. Abinci iri-iri. Kowa na jin ta, har Bafulatanar da Hausarta ba ta wuce ta cinikin nono ba. Da na faɗa sai ɗiyar tawa ta yi dariya, ta ce ai da ita ta soma. Ta taɓa tambayar wata mata ko tana ba ɗanta abinci iri-iri, matar ta ce, "Wallahi Likita, iri-iri nake ba shi. Da safe kunun gero, da hantsi makala, da rana tuwon masara, da dare in an samu taliya ko shinkafar Yagwa." Matar ba ta yi ƙarya ba. Suna biyar ta lissafa, amma duka biyar ɗin 'yan ɗaki ɗaya ne, hatsi ne ya sauya riga. Zaren awon dantsen yaron kuwa yana kan ruwan ɗorawa, tsakanin santimita 11.5 da 12.5, taki ɗaya ya rage ya faɗa ja.

Laifin iri-iri ke nan: ƙirga take yi, ba ta awo. Ba ruwanta da ko abubuwan sun dace da juna, ko ɗaya ya rinjayi sauran. Mai koli yana da kaya iri-iri, bola ma tana da su. 'Yan'uwanta duk haka suke. Kala-kala ta fi ta armashi a bakin yara da 'yan kasuwa, amma idonta na kan launi, ka ce abinci kala-kala wata ta tuna alewa da lemon kwalba. Nau'i-nau'i daga Larabci ta zo, ta fi kyau a takarda da kan mumbari. Daban-daban kuwa rarrabewa take yi, kowa ya kama gabansa, mu kuma so muke su taru a kwano guda. Bambanci ban ma tsaya a kanta ba. A garin da Bafulatani da Bahaushe da Babarbare da Fali da Gidar da Tupuri da Mundang suke layi ɗaya a bakin famfo, in ka ce bambanci, abin da kunne ke jira shi ne "nuna bambanci", kuma ba da shi ake so a buɗe taro ba.

Sai na juya ɓangaren awo, na ɗauko daidaito. Wannan kalmar rediyo ce. Mu da muka tashi da sauraron BBC Hausa, wadda ta fara tun 1957, da Muryar Jamus da Muryar Amurka, daga baya RFI ta Faransa ta shigo a 2007, mun saba da ita: daidaito tsakanin maza da mata, daidaito a gaban shari'a, daidaiton farashi. Kalma ce mai kyau, kuma akwai inda babu mai maye gurbinta. Mu 'yan Kamaru mun san tsarin nan na rabon gurabe tsakanin yankuna a jarabawar shiga manyan makarantun gwamnati da aikin hukuma. A rabon 1982 an ware wa tsohon lardin Arewa kashi 30 cikin 100, kafin a raba shi uku a 1983, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa. Wanda zai fassara sunan wannan tsari ba shi da abin da ya wuce daidaiton yankuna. A can akwai sikeli, akwai masu ƙorafi a kowane gefe, akwai lissafi da alƙalami.

Kwanon yaro ba haka yake ba. In ka ce wa uwa ta yi daidaito a abinci, abin da za ta ji shi ne raba daidai, kunnen doki, tuwo da miya kai ɗaya, ko kuwa kada ta fifita ɗan ɗakinta a kan ɗan kishiya. Alhali ba a ce gishiri ya kai yawan gari ba. Ga kuma wata matsala ta masu rubutu. Wayoyinmu da injinan buga takardunmu na Faransanci ne, galibi ba su san ƙugiya ba. Daidaita da ɗaiɗaita in an cire ƙugiya tagwaye ne, alhali ɗaya gyara ce, ɗaya kuwa watsa gida. Na taɓa samun saƙo a waya cewa wane ya "daidaita iyalinsa", sai da na kira na tambaya ko barka zan yi ko jaje.

Daga dangin daidai, wadda na ajiye a aljihu ita ce gwargwado. Daidai gwargwado. Ita ba ta cewa a yi kai ɗaya, cewa take kowane abu a ba shi abin da ya kamace shi, daidai ruwa daidai tsaki. Da ita za a gaya wa uwa cewa ɗan wata 6 yana farawa da cokali 2 ko 3, sau 2 zuwa 3 a wuni, ɗan wata 9 ya kai rabin kofi sau 3 zuwa 4, wanda ya shekara kuma ya doshi cikakken kofi. Sai dai gwargwado ba ta tsayawa da ƙafarta. Dole a ce gwargwadon me.

Akwai kuma "abinci mai gina jiki", wanda shi ne ke yawo a gidajen rediyo da takardun ƙungiyoyi. Ba na ƙinsa, amma na lura da abin da yake yi wa fuskar talaka. Da an faɗe shi, sai a tuna nama da ƙwai da madarar gwangwani, sai mace ta gyara goyo ta ce a ranta wannan zancen matan ma'aikata ne. Kalmar da za ta sa mace ta ji an fitar da ita tun kafin a fara, ko da gaskiya ce, ba ta yi aiki ba. Ga zogale a bayan ɗakinta, ga gyaɗa a buhu, ga ƙananan busassun kifin Lagdo da ake kasawa a kasuwa, duk ba ta lissafa su cikin masu gina jiki, don ba su da tsada.

Tsaka-tsaki ta masu sulhu ce da masu wa'azi, ba ta shiga tukunya. Gauraye da cakuɗa sun kawo yawa sun bar hankali a waje, daga su sai hatsin bara, sai gamin gambiza. Na wuce su.

Biyu suka rage, kuma a kansu na yi sauran kwanakin: sirki da haɗi.

Sirki na fara ƙauna, kuma har yanzu raina na wajenta. A gidanmu na tsince ta, ba a littafi ba. Matar ɗana tana shirin yi wa jaririnta wanka, ta juye tafasasshen ruwa a baho, uwar gidana na zaune a kan kujera 'yar tsugune tana kallo. Ta ce, "Sirka shi, 'yar nan." Yarinyar ta zuba na randa moɗa ɗaya, ta tsoma hannu, ta ƙara rabi, ta sake tsomawa. "Ya isa, kar ki kashe shi." Na tsaya da buta a hannu ina kallon abin da na yi kwanaki ina nema. Ga abu biyu masu gaba da juna, zafi da sanyi. Ga hannu yana awo. Ga iyaka ta sama da ta ƙasa: in bai ji sirki ba ya ƙona yaro, in ya wuce kima ya mutu. Babu wanda ya ambaci daidaito, amma daidaiton na cikin kalmar.

Wannan kalmar dai ita ce maigida ke faɗa in tuwon dawa ya ishe shi: yau tuwo gobe tuwo, a riƙa sirkawa mana. A nan kuma ta zama sauyi daga rana zuwa rana. Manoman auduga na wannan yanki sun san ta a gona, bana auduga, baɗi masara ko dawa, wani lokaci gyaɗa, don kada ƙasa ta gaji. Furfura tana sirka baƙin gashi. Mu kanmu 'yan Garwa Hausarmu da sirki take, jimla ɗaya za ka ji Fulatanci a kai, Faransanci a gindi, har baƙi daga Kano su riƙa murmushi. A duk waɗannan akwai abu na asali, akwai kuma wanda ake shigo da shi jefi-jefi don ya karya masa ƙarfi. Na ce shi ke nan, na samu. Kalma ɗaya, gajera, ba ƙugiya, kowane inji zai buga ta.

Mai daddawa ce ta fara rage mini zafi. Na ce mata, "Iya, in aka ce miki ki riƙa yi wa jikanki sirki a abinci, me za ki yi?" Ta ce, "In kunun ya yi kauri in ƙara ruwa." Gabana ya faɗi. Gaskiyarta ne, sirki mafi kusa da hannun mace shi ne na ruwa. Mai nono in ta yi algus, sirka shi ta yi. Mai zuma haka. Alhali babbar matsalar kunun yara a wajenmu ita ce tsinkewa: ruwa ya yi yawa, cikin yaro ɗan ƙarami ya cika, abin da ya shiga jiki kaɗan. Ma'aikatan lafiya so suke kunu ya yi kaurin da zai zauna a cokali in an karkata shi. Ka ga kalmar da na zaɓo tana iya tura uwa ta yi kishiyar abin da ake roƙonta.

Da na kai wa ɗiyata wannan, sai ta ƙara mini da wanda ya fi shi. Ta ce, "Kawu, ka manta da 'yan ƙasa da wata shida." Yaƙin da suke yi kullum shi ne a bar jariri a kan nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa kada a ba shi, don nonon kansa fiye da kashi 80 cikin 100 ruwa ne. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura 40, babu kakar da za ta ga jariri yana kuka ba ta ce a ɗiga masa ruwa ba. To a zauren da ake wannan fama, in aka ɗaga murya aka ce sirki abu ne mai kyau, wace za ta tsaya tantance wa ake nufi? Mai ɗan wata uku da mai ɗan wata tara benci ɗaya suke zaune.

Sauran matsalolinta na dariya ne, amma su ma a lissafa. A bakin wasu, sirki ko surki shi ne suruki. Ka rubuta "sirki yana gyara yaro" a bango, wata ta ce ita nata surukin ko sabulu bai taɓa aikowa ba. Na kuma gwada ta a gaban wani dattijon malami mai nauyin kunne bayan sallar isha'i, na ce ina neman ra'ayinsa a kan a koya wa mata sirka abinci. Ya zabura ya ce, "A koya musu me?" Na ce, "Allah gafarta Malam, sirka, ba shirka ba." Ya ce to in nemi wata kalmar, duniya ta lalace da saurin ji.

Haɗi kuwa a teburin mai shayi na same ta, inda take kwana take tashi. Haɗin kauri ko na talaka, tambayar ke nan kowace safiya. Ka dube shi yana aiki: cokalin madara kaza, sukari kaza, ruwan bunu daga sama, ya juya tsakanin kofi biyu har ya yi kumfa. In ya kuskure ɗaya, mai sha zai ce yau haɗin bai yi ba. Ba wanda zai ce yau gaurayen bai yi ba, don gauraye ba ya lalacewa, tun asali ba shi da ƙa'ida. Haɗi yana da ita. Ana iya shi, ana kuma kasa shi, kuma wannan ne ya raba shi da duk kalmomin da na wuce.

Ka je wajen masu kilishi ka ga yadda ake dama labu: tunkuza, citta, kanumfari, masoro, barkono, albasa, gishiri, kowanne da ma'auninsa, kuma ba mai gaya maka nasa. Ka tambayi matan da ke kawo turaren wuta da humra daga Kusiri da Njamena, waɗanda ko Kano ta sallama musu a wannan fanni. Icen sandal ne, kajiji ne, farce ne, sukari ne, kowa ta san kayan, amma wance ta fi wance haɗi, kuma a kan haka ake biyan kuɗi. Tela ma in ya ɗora zare a kan shadda, haɗi ake yaba masa. A duk inda kalmar ta je tana tafe da abu uku: kaya fiye da ɗaya, awo, da gwaninta. Na ukun nan ya fi jan hankalina. In ka ce wa mace ta ba ɗanta abinci mai gina jiki, ka tuna mata abin da ba ta da shi. In ka ce mata ta iya haɗi, ka taɓo abin da take taƙama da shi tun tana budurwa.

Ga kuma 'yarta, mahaɗi. Kowace mace ta san tuwo ba ya tafiya sai da mahaɗi, ta san mahaɗin shinkafa wake ne, mahaɗin fura nono. Abin da kakanninmu suka gano da harshe, masana sun tabbatar da shi a ɗakin bincike: hatsi yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira lisin, wake da gyaɗa suna da shi, in sun haɗu sai su cike wa juna. Ɗan tsami kuma, na lemo ko tumatir ko garin 'ya'yan kuka, yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin ganye da wake. Ko hukuma haɗi take yi: tun 2011 doka ta wajabta a sa bitamin A a man girkin da ake tacewa a masana'anta a Kamaru, a kuma ƙara ƙarfe da wasu sinadarai a garin alkama. Saboda haka tambayar da ma'aikaciya za ta yi ba "me kike ba shi?" ba ce, wadda ke jawo jerin sunayen hatsi. Tambayar ita ce, "Mene ne mahaɗin kununsa?" Matar nan mai gero da makala da taliya, da an yi mata wannan tambaya, da ita da kanta za ta yi shiru ta gane.

Na sa uwar gidana ta dama irin kunun a gabana don in ga ko maganar tana zama a hannu. Garin jar dawa ludayi biyu. Gyaɗa soyayya da aka niƙa, cokali ɗaya. Ta ɗauko busasshen kifi ta cire ƙaya, ta daka shi lukui ta tankaɗe, ta zuba ɗan tsunkule biyu. Garin zogalen da aka shanya a inuwa, rabin cokali, sai da ta sauke tukunya ta barbaɗa. Ɗigon mai. Ta ɗaga cokali ta karkata, kunun ya tsaya yana tunani kafin ya sauko. Na ƙirga: hatsi, gyaɗa, kifi, ganye, ga nonon uwa yana jira. Gida biyar, ba a je kanti ba. Na ce mata me za ta kira wannan. Ta dube ni kamar na tambaye ta sunana, ta ce, "Kunu ne mai haɗi mana."

Ba wai haɗi ba ta da tabo ba. Mai haɗi a unguwa shi ne mai kai gulma tsakanin mutane har su yi faɗa. Haɗin baki ba abin alheri ba ne, auren haɗi ma ba kowa ke yabonsa ba. A taron mata kuma, ɗiyata ta gargaɗe ni, kalmar tana da wata ma'ana ta kayan gyaran jiki da ake sayarwa a ɓoye cikin jaka, saboda haka in aka ce "haɗi" aka yi shiru, za a ji ƙus-ƙus da dariya daga benci na baya. Maganinsa kada a bar ta ita kaɗai: haɗin kunu, haɗin miya, haɗin yaro. Da an jingina ta da tukunya, sauran ma'anonin sun kama gabansu. Na biyu, ba kowane haɗi ne na kirki ba. Haɗin kaurin mai shayi sukari ne da madara, kuma shayin kansa in an sha shi a kan abinci yana rage ƙarfen da jiki zai samu, ga shi yanzu har yaran goye ana ɗura musu. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, haɗi ba ta san gobe ba. Mace na iya samun haɗi ɗaya mai kyau ta lizimce shi wata shida, ba ƙwai, ba mangwaro ko da lokacinsa ya zo yana zuba a ƙasa, ba kabewa. Kalmar ba za ta tsawata mata ba.

A nan na ga inda kowace ta tsaya. Haɗi tana duba cikin kwano ɗaya, a zama ɗaya. Sirki tana duba kwanaki, daga Asabar zuwa Juma'a, daga damina zuwa rani. In aka auna su da abin da takardar ke nema, wato gida biyar a wuni guda, haɗi ce ta fi kusa. In aka auna da haɗarin kuskuren fahimta, kuskuren haɗi dariya ce, kuskuren sirki kuwa ruwa ne a cikin jariri. Wannan kaɗai ya isa ya yanke hukunci a zauren awo, ko da yake na fi jin daɗin sirki a baki.

A wasu wuraren hukuncin zai juye. Wanda ke yi wa manya magana, mai ciwon sukari ko hawan jini da aka ce ya rage tuwo da gishiri, sirki ce tasa: a sirka tuwo da ganye, a sirka nama da kifi, a sirka zama da tafiya. Babba ya san ba ruwa ake nufi ba. Malamin gona ma ita zai riƙe. Mai rubuta rahoto ko fassara jawabin gwamna ya zauna a kan daidaito, ya dai tabbata ba a sa masa ƙugiya ba. Mai talla a kasuwa ba wanda zai raba shi da iri-iri da kala-kala, kuma bai kamata a raba shi ba, shi yawa yake sayarwa.

Da ɗiyata ta dawo na ce mata ta ɗauki haɗi ta sa a sama da manyan baƙaƙe: kunu sai da haɗi. In ta zauna da uwa ɗaya-ɗaya, wadda ɗanta ya wuce wata shida, sannan ta kawo ta biyun, ta ce a riƙa sauya mahaɗin, yau kifi, gobe ƙwai, jibi wake. Ta ce, "Kawu, ashe ka yar da sirkin naka." Na ce ban yar ba, na ba ta wani aiki. A takardar jarirai, wadda ke ɗaya bangon, a can za ta zauna, amma da "ba" a gabanta: nono zalla har wata shida, ba sirki. A wannan wurin ma'anar ruwan da ta ba ni tsoro ita ce daidai abin da ake so kowace kaka ta ji.

Ta kai rubutun wajen masu buga takardu a cikin gari, aka ce ta dawo bayan kwana uku. Ranar da ta karɓo ta biyo ta gida, ta warware ɗaya a kan tabarmar nan, ba ta ce komai ba. Ta jarirai ta fito lafiya lau. A ɗayar kuwa, inda ɗ ya kamata ya zauna, injin ya ajiye wani ɗan akwati mai kusurwa huɗu, fanko. Kuɗin sake bugawa babu. Ta aiki yaro kanti ya sayo alƙalamin maka baƙi, ta miƙo mini rabin takardun, muka zauna muna cike akwatunan da hannu ɗaya bayan ɗaya, ni ina zana d, ita tana bi tana lanƙwasa masa kai, har aka kira magariba.